Lambar nan mai alƙaluma miliyan 41: ta yaya aka san ba ta rabuwa?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan lambar nan ce da aka sanar a watan Oktoban 2024, wato 2^136279841 − 1, ma'ana a jera 2 har sau 136,279,841 ana ninka su da juna, sannan a ɗebe 1. An ce alƙalumanta 41,024,320 ne, kuma firam ce, babu lambar da ke raba ta cif ba saura sai 1 da ita kanta.

Abu uku ne suka shige mini duhu. Ta yaya ake sanin yawan alƙalumanta, da waɗanda ta fara da su da waɗanda ta ƙare da su, alhali kalkuleta da Excel duk kuskure suke bugawa tun ba a je ko'ina ba? Sannan in dai gwada rabawa ake yi a gane firam, wace na'ura ce ta iya gwada duk lambobin da ke ƙasa da wannan? Kuma me ya sa manyan firam da ake samowa kusan duk siffarsu ɗaya ce, a ninka 2 a ɗebe 1? Don Allah a yi bayani da lissafin da mutum zai iya bi da biro da takarda.

Malam_Alƙaluma:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in ɗauki ta farko, don ita kam biro da takarda sun ishe ta. Zan riƙa kiran lambar sama, wato 136,279,841, da harafin p.

Yawan alƙaluma aikin logaridim ne. Duk lambar da ta kai 10^k amma ba ta kai 10^(k+1) ba, alƙalumanta k+1 ne. Dubi 1000, shi ne 10^3, alƙalumansa huɗu. To abin nema shi ne lambar saman da za a ɗora wa 10 ta yi daidai da 2^p, ita ce kuwa p sau log 2. Log 2 shi ne 0.30102999566398, yana ci gaba. Ninka shi da 136,279,841, za ka samu 41,024,319.9453 da 'yan kai. Yar da abin da ke bayan ɗigo, ƙara 1, ga 41,024,320. Ɗebe 1 ɗin nan na ƙarshe ba ya rage tsawon lambar, domin hakan ba ya faruwa sai ga irin su 10, 100, 1000, waɗanda 5 ke raba su, ita kuwa 2^p babu 5 a cikinta.

A kula da log ɗin da ake amfani da shi, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Wanda ya ɗauki 0.3010 na teburin makaranta zai samu 41,020,232, ya yi ƙasa da gaskiya da alƙaluma sama da 4,000. Wanda ya ɗauki 0.30103, yana ganin ya yi taka-tsantsan, zai samu 41,024,320.536, ya ce alƙaluma 41,024,321 ne, ya ƙara ɗaya da babu shi. Tazarar da ke tsakanin 0.30103 da log na gaskiya ba ta wuce 0.0000000043 ba, amma da aka ninka ta sau miliyan 136 sai ta zama 0.59, ga shi kuma amsar gaskiya tana zaune a .9453, dab da bakin iyaka. Ƙa'idar ita ce: p na da alƙaluma 9, don haka alƙaluma 9 na farko na log ɗin suna tafiya ne wajen gano tsawo kawai, abin da ya ƙaru a kansu shi ke ba da alƙaluman farkon lambar.

Su alƙaluman farkon suna cikin guntun da muka yar. Lissafa 10^0.945318, za ka samu 8.8169. Lambar ke nan ta fara da 88169, kuma in ka buɗe cikakken fayil ɗinta za ka tarar da 881694327 a farkon layi.

Alƙaluman ƙarshe kuma lissafin saura ne, irin wanda ake yi da kwanakin mako: in yau Asabar ce, kwana 1000 nan gaba ba sai an ƙirga ba, a raba 1000 da 7, saura 6, ranar Juma'a ce. Haka ƙarshen 2, 4, 8, 16, 32, 64 yake zagayawa: 2, 4, 8, 6, ya dawo 2. Zagayen huɗu ne. Raba p da 4, saura 1, saboda haka 2^p ta ƙare da 2, a ɗebe 1, lambarmu ta ƙare da 1.

Ga alƙaluma biyu na ƙarshe zagayen ashirin ne: 04, 08, 16, 32, 64, 28, 56, 12, 24, 48, 96, 92, 84, 68, 36, 72, 44, 88, 76, 52, sai a koma 04. Raba p da 20, saura 1. A nan akwai tarko. Mai gaggawa zai ce ai 2^1 ke nan, 02, ya ɗebe 1 ya rubuta 01. Ba daidai ba ne, domin 02 ba ya cikin zagayen sam. Daga 2^2 zuwa sama 4 na raba kowacce, kuma lambar da 4 ke rabawa dole alƙalumanta biyu na ƙarshe su rabu da 4, shi kuwa 02 ba ya rabuwa. Sai a ƙara 20 a kan sauran, a ɗauki 2^21, wato 2,097,152, mai ƙarewa da 52. Amsa 51. Ga alƙaluma uku zagayen ɗari ne, saura 41, kuma 2^41 ita ce 2,199,023,255,552. Lambar ta ƙare da 551.

Wani ɗan gwaji mai amfani ga wanda ya sauko da fayil ɗin: in ana raba 2, 4, 8, 16 da 9, sauran yana zagaya 2, 4, 8, 7, 5, 1. Raba p da 6, saura 5, na biyar a jerin 5 ne, ɗebe 1, saura 4. Wato in aka tara alƙaluman nan miliyan 41 duka, aka sake tara alƙaluman jimlar har ya rage guda ɗaya, dole a samu 4. In ba a samu 4 ba, fayil ɗin ya samu tangarɗa.

Batun kalkuleta kuwa, yawancinsu ba sa wuce 9.99 × 10^99. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, kuma yana tsayawa a wajen 1.8 × 10^308, shi ya sa ko 2^1024 aka ba shi sai ya ƙi.

Malama_Aljabara:

Allah ya saka da alheri Malam, an yi bayani. Ni zan haɗa ta biyu da ta uku, don amsarsu ɗaya ce. Ba da gwada rabawa aka tabbatar da ita ba, kuma ba za a taɓa iya hakan ba. Mai gwada rabawa sai ya kai lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan, ita kuwa alƙalumanta sun haura miliyan 20. Ƙwayoyin zarra na duk sararin samaniyar da ake iya hange ana ƙiyasta su a wajen 10^80, alƙaluma 81 kacal. Ba ƙarancin ƙarfin na'ura ba ne matsalar, hanyar ce a toshe. Abin da ya sa manyan firam da aka sani suke da siffar 2^p − 1 shi ne wannan siffar tana da gwaji nata na musamman mai sauri. Ba wai sun fi sauran firam yawa ba ne, a gaskiya ƙalilan ne ƙwarai, 52 kawai aka sani. Ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, malamin kirista na Faransa da ya wallafa jerinsu a 1644.

Tankaɗe na farko: dole p ta zama firam. A ƙirgen kwamfuta na 0 da 1, lambar 2^p − 1 ba komai ba ce face 1 a jere sau p. Ɗauki 2^15 − 1, wato 32,767: 1 ne guda 15, ana iya kasa su uku-uku, 111 111 111 111 111, don haka 111 na wannan ƙirgen, wato 7, yana raba ta: 7 × 4,681. Ana iya kasa su biyar-biyar, 31 ma na raba ta: 31 × 1,057. Duk lambar saman da ke rabuwa ta faɗi tun a nan.

Amma zaman p firam bai wadatar ba. 11 firam ce, ga shi 2^11 − 1 = 2,047 = 23 × 89. Ka lura da waɗannan biyun: 23 shi ne 2 × 11 + 1, 89 kuma 8 × 11 + 1. Ba dace aka yi ba. Idan firam q ta raba 2^p − 1, to zagayen saura irin wanda Malam ya nuna, in ana rabawa da q, yana komawa 1 a mataki na p. Tsawon zagayen dole ya raba p, tunda kuma p firam ce, tsawon p ne daidai. Ƙa'idar Fermat, masanin lissafi na Faransa, ta ce tsawon zagaye kullum yana raba q − 1. Ke nan p na raba q − 1, kuma q − 1 lambar cika ce, sai ya zama q = 2kp + 1. Akwai sharaɗi na biyu: in aka raba q da 8, sauran 1 ne ko 7.

Dubi yadda wannan ke rage aiki ga lambarmu. Mafi ƙanƙantar lambar da ma za a yi zargi ita ce 2p + 1 = 272,559,683; duk abin da ke ƙasa da ita ba a ko kallonsa. Ita ma raba ta da 8, saura 3, ta fita. Ta gaba 4p + 1 = 545,119,365, saura 5, ta fita. Sai 6p + 1 = 817,679,047, saura 7, wannan ce ta farko da ta cancanci gwaji.

Gwajin kansa ba ya buƙatar a rubuta babbar lambar. Ana so ne a ga ko 2^p in an raba da q zai bar saura 1. Misali da p = 23, q = 47. A ƙirgen kwamfuta 23 shi ne 10111. Fara da 2 saboda 1 na farko. Ga kowane alƙalami na gaba ka ninka abin da ke hannunka da kansa, in alƙalamin 1 ne ka ƙara ninkawa da 2, sannan ka riƙe saura kawai. A 0: 4. A 1: 16 sau 2, 32. A 1: 1,024 saura 37, sau 2 ya zama 74, saura 27. A 1 na ƙarshe: 729 saura 24, sau 2 ya zama 48, saura 1. An samu 1, don haka 47 na raba 2^23 − 1, kuma haka ne: 8,388,607 = 47 × 178,481. Ga p ɗinmu mai tsawon bit 28, wato alƙaluma 28 a ƙirgen 0 da 1, matakai 27 irin waɗannan sun ishi kowace q. Da haka ake zubar da akasarin lambobin sama kafin a kashe musu wuta. Sai dai rashin samun mai rabawa a nan ba hujja ba ce, ƙanana kawai aka duba.

Hujjar ita ce gwajin Lucas da Lehmer. Édouard Lucas ne ya ƙirƙiro tushensa, da shi ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu a 1876. Derrick Lehmer ya daidaita shi a 1930. Ga yadda yake, ga kowace p firam da ta wuce 2. Kira lambar M. Fara da 4. Ninka da kanta, ɗebe 2, raba da M, riƙe saura. Maimaita sau p − 2. In ka ƙare a 0, M firam ce. In ba 0 ba, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki, ta kowane ɓangare.

Da p = 7, M = 127, matakai biyar: 4 ya ba da 14; 14 ya ba da 194, saura 67; 67 ya ba da 4,487, saura 42; 42 ya ba da 1,762, saura 111; 111 ya ba da 12,319, wanda shi ne 127 × 97 cif, saura 0. Da p = 11, M = 2,047, matakai tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Ba 0 ba. Gwajin ya ce 2,047 na rabuwa amma bai ambaci 23 ko 89 ba, kuma haka yake kullum: yana yanke hukunci ba tare da nuna mai rabawa ba. Lucas ya san 2^67 − 1 na rabuwa tun 1876, amma sai 1903 Frank Nelson Cole ya fito da 193,707,721 × 761,838,257,287.

Abin da ya fi burge ni a siffar nan shi ne rabawar ma ba a yin ta. Tunda 128 ya ɗara 127 da 1, kowane 128 da ke cikin lamba saura 1 yake barwa. 4,487 shi ne 35 × 128 + 7, sai a tara 35 da 7, ga 42. Ga kwamfuta wannan yanke jerin bit ne gida biyu a tara su, aiki mafi arha. Wurin da masu rubuta manhaja ke tuntuɓe shi ne matakin ƙarshe: 12,319 = 96 × 128 + 31, jimla 127. In ba a sa sharaɗin cewa M daidai take da 0 ba, manhajar za ta ce firam ta gaske ba firam ba ce. Kuskure na biyu wajen ƙirga matakai ne. 4 ɗin farko ba mataki ba ne. Wanda ya zarce da mataki ɗaya zai tsallake 0 ya faɗa −2, daga nan 2, kuma 2 ba ya sake motsi.

Mai_Neman_Sani:

Na gode Malam, na gode Malama, na bi lissafin 127 ya fito. To amma a sanarwar an ce na'urar farko cewa ta yi lambar "mai yiwuwa" firam ce, sai washegari wata ta tabbatar. In gwajin Lucas da Lehmer ba shi da wataƙila, me ya kawo wannan? Kuma zan iya gwada wani abu a kwamfutata?

Injiniya_Bit:

Ɗan'uwa, gwaji biyu ne daban. Masu wannan farauta su ne GIMPS, shirin sa-kai da George Woltman ya kafa a 1996. Wanda ya samo wannan Luke Durant ne, tsohon ma'aikacin NVIDIA, da ya yi hayar dubban na'urorin GPU, masu sarrafa hoto da lissafi cikin sauri, a cibiyoyin bayanai na ƙasashe 17, yana amfani da manhajar GpuOwl ta Mihai Preda. Ranar 11 ga Oktoba 2024 wata GPU ƙirar A100 a birnin Dublin na Ailan ta ba da sakamakon farko, ranar 12 wata ƙirar H100 a San Antonio ta jihar Texas a Amurka ta tabbatar da gwajin da Malama ta bayyana.

Gwajin farkon na Fermat ne: in M firam ce, 3^(M−1) zai bar saura 1 in an raba da M. Duk wadda ta faɗi wannan tabbas tana rabuwa. Wadda ta ci kuwa kusan tabbas firam ce, amma akwai 'yan tsirarun lambobi masu rabuwa da ke tsallake shi, shi ya sa ake cewa mai yiwuwa. A lura da 3 ake yi ba da 2 ba. Da 2 kowace lambar Mersenne mai p firam cin gwajin take, ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Duba 2,047: 2^11 na barin saura 1, kuma 2,046 = 11 × 186, don haka 2^2046 ma saura 1, alhali 23 na raba ta.

Dalilin fara wa da gwajin da ba hujja ba shi ne kuskuren na'ura. Nauyin aikin biyun kusan ɗaya ne, mataki miliyan 136, kowanne ninka lamba mai girman megabait 17 da kanta. Bit ɗaya ya juye a ƙwaƙwalwar na'ura saboda zafi ko ƙwaƙwalwa mai rauni, duk abin da ya biyo baya shara ne, kuma sakamakon zai fito kamar na lamba mai rabuwa, babu alamar komai. Ta haka za a iya taka firam a wuce. A da maganin shi ne a sake kowane gwaji a wata na'urar dabam, a kwatanta bit 64 na ƙarshen sauran, wato aiki ninki biyu. A 2017 Robert Gerbicz ya kawo dabarar da ke kama kusan kowane kuskure ana cikin aiki, a koma baya kaɗan a gyara, amma da gwajin Fermat take aiki. Na Lucas da Lehmer abin dubawar da yake da shi wajen rabin kurakurai kawai yake kamawa. Daga 2020 kuma gwajin Fermat yana fitar da fayil na shaida da ake tantancewa da ɗan ƙaramin aiki. Sai aka mayar da shi na yau da kullum, aka ajiye ɗayan don ranar da aka yi kamu.

Ita ninkawar ma ba irin ta aji ba ce. Ninka alƙaluma 41,024,320 ɗaya-bayan-ɗaya zai ci ƙananan ninki wajen 1.7 × 10^15 a mataki guda, gaba ɗaya wajen 2.3 × 10^23. Abin da ake yi shi ne a yanka lambar gutsattsari miliyan 7 zuwa 8, kowanne bit wajen 18, a ninka su ta hanyar FFT, wata dabarar lissafi da ke saurin ninka manyan lambobi, da salon da Richard Crandall da Barry Fagin suka wallafa a 1994, wanda ke haɗa ninkawa da ɗaukar saura a tafiya ɗaya. FFT da lambobi masu ɗigo yake aiki, amsar da ya kamata ta zama 7 tana iya fitowa 7.12, a mayar da ita 7. In karkacewar ta kai 0.5 ba a san ko sama za a yi ko ƙasa ba, shi ya sa Prime95, manhajar GIMPS ta kwamfutar gida, ke gargaɗi in ta haura 0.4. Maganin shi ne a ƙara yawan gutsattsarin, aikin ya ɗan ƙara jinkiri.

Abin da za ka iya yi a Python, harshen rubuta manhaja:

pow(2, 136279841, 10**12) - 1 zai ba ka 219486871551 nan take, alƙaluma 12 na ƙarshe. A yi amfani da pow mai gurbi uku, shi ke riƙe saura a kowane mataki.

2**136279841 - 1 ma ba ya daɗewa, jera bit ne kawai. Wahalar tana wajen mayar da ita alƙaluman da muka saba. Daga Python 3.11 an hana buga lambar da ta wuce alƙaluma 4,300 sai an cire takunkumin da sys.set_int_max_str_digits(0). Ya fi sauƙi ka yi amfani da gmpy2, ƙarin kayan aikin Python na manyan lambobi, kuma ka zuba sakamakon a fayil, kada ka buga a allo. Fayil ɗin megabait 41 ne. A takarda mai layi 50, kowane layi alƙaluma 75, shafi 10,940 ne, wajen rim 11 in an buga gaba da baya.

Gwajin Malama kuwa layi shida ne:

def gwaji(p):
    M = 2**p - 1
    s = 4
    for _ in range(p - 2):
        s = (s*s - 2) % M
    return s == 0

Gwada shi da 521, 607, 1279, 2203 da 2281, guda biyar ɗin da Raphael Robinson ya samo da kwamfutar SWAC a 1952. Duk za su ce True cikin ƙiftawar ido. Kada ka ba shi miliyoyi, domin duk sanda p ta ninka biyu, lokacinsa na ninkawa kusan takwas. Manyan sai Prime95, a can ma makonni ake yi a kwamfutar tebur. Yana ajiye inda ya kai duk bayan minti 30, ɗauke wuta ba ya mayar da kai farko, amma ban ba da shawarar ɗora shi a kan laftof ba, zafin da yake tarawa ya fi ƙarfin fankarta.

Dattijon_Aji:

Madalla da wannan zama. Akwai siffa ɗaya da ba a taɓo ba, kuma ita ce ta sa magabata suka damu da waɗannan lambobi tun kafin a haifi Mersenne. Kammalalliyar lamba ita ce wadda in aka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai a same ta: 6 = 1 + 2 + 3, 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14, sai 496, sai 8,128. Uƙlidis na Girka ya nuna cewa in 2^p − 1 firam ce, to 2^(p−1) sau (2^p − 1) kammalalliya ce. 8,128 ita ce 64 × 127 ɗin da kuka lissafa. Isma'il ibn Fallus, malamin lissafi na ƙarni na 13, ya ambaci uku na gaba: 33,550,336 da 8,589,869,056 da 137,438,691,328. Leonhard Euler a ƙarni na 18 ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lamba ta cika daga wannan ƙofa take fitowa, babu wata. Ta mara kuwa har yau ba a samu ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar da babu ba.

Don haka lambar Durant ta zo da abokiyar tafiya. Da hanyar Malam_Alƙaluma: ninka 41,024,319.9453 biyu, ɗebe 0.3010, ka samu 82,048,639.59, alƙaluma 82,048,640. Ƙarshenta: p − 1 na rabuwa da 4, don haka 2^(p−1) ta ƙare da 6, sau lamba mai ƙarewa da 1, ta ƙare da 6.

A kuma yi hattara da cewa "ta 52". Ta 52 ce a waɗanda aka sani, ba lallai ta 52 a jerin girma ba. Wadda ta gabace ta ita ce 2^82589933 − 1, mai alƙaluma 24,862,048, ta Disamban 2018, kuma lokacin da aka yi sanarwar ba a gama tantance lambobin saman da ke tsakaninsu ba. An taɓa ganin haka: an samu p = 43,112,609 a Agustan 2008, sai ga 37,156,667 a Satumba, sai ga 42,643,801 a 2009, duk ƙasa da ita. Shi kansa Mersenne jerinsa ya sa 67 da 257 da ba firam suke bayarwa ba, ya tsallake 61, 89 da 107.

Masu cewa da irin wannan ake tsare asusun banki su gyara. Mabuɗin RSA, tsarin ɓoye saƙo, mai bit 2048 alƙalumansa 617 ne, kuma amfaninsa a ɓoye firam ɗin da ke cikinsa, wannan kuwa duniya ta san ta. Ƙananan 'yan'uwanta ne ke aiki: 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, da Euler ya tabbatar a 1772, ita ce iyakar lamba mai bit 32 a manhajoji da yawa, 2^19937 − 1 ita ce tsawon zagayen Mersenne Twister da Python ke fitar da lambobin ƙuri'a da shi, 2^521 − 1 kuma tana cikin ɗaya daga tsare-tsaren ɓoye saƙo na intanet.

Ɗana Mai_Neman_Sani, ga aikin gida da biro: p = 13, M = 8,191, matakai 11. In ka bi daidai za ka ga 14, 194, 4870, 3953, 5970, 1857, 36, 1294, 3470, 128, 0. Yi amfani da dabarar Malama, ka riƙa yankawa da 8,192 kana tarawa maimakon doguwar rabawa. Ka kuma duba na kusa da ƙarshe: in M firam ce, kullum 2^((p+1)/2) ne, ko kuma M a ɗebe shi. A nan 128 ne, wato 2^7. A lissafin 127 kuwa 111 ne, wato 127 a ɗebe 16. In ka iso mataki na goma ba ka ga 128 ba, koma kan 4870 sau 4870 da 5970 sau 5970, a manyan ninkin nan ne aka fi zubar da alƙalami.